Da wace doka aka yanke wa Sarki Charles na Ɗaya hukuncin kisa?

Sagir Fagge:
Assalamu alaikum malamaina. Tambaya gare ni ga masana tarihin Ingila na gidan nan. An ce ranar 30 ga Janairu 1649 aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a bainar jama'a a Landan, bayan kotu ta same shi da laifin cin amanar ƙasa. To ai kotunan nasa ne, alƙalai kuma shi yake naɗa su. Wace kotu ce ta zauna a kansa, kuma da wace doka?

Barista Hauwa:
Wa'alaikumus salam. Babu irin wannan dokar, ƙanena. Dokar cin amana da ake aiki da ita a lokacin ta 1351 ce, tun zamanin Edward na Uku, kuma abin da ta lissafa shi ne ƙulla kashe sarki, ko ɗaga masa makami a cikin ƙasarsa, ko mara wa maƙiyansa baya. Duk laifuffukan a kan sarki ake aikata su, don haka ba ta yadda za a kama shi kansa da ita. Ƙirƙirar kotun aka yi. Ranar 1 ga Janairu 1649 majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin kafa ta, washegari majalisar dattawa ta yi fatali da shi. Ranar 4 ga wata sai wakilai suka ayyana cewa jama'a ne tushen duk wani iko na halas, kuma abin da su wakilan suka zartar ya zama doka ko da babu sa hannun sarki ko yardar dattawa. Ranar 6 suka kafa kotun, suka sa sunayen mutum 135 a matsayin masu yanke hukunci. Amma ba nan aka fara irin wannan ba. An yi wa mutum biyu kafin a zo kansa.

Malam Isiyaku:
Hajiya Barista ta fara daga ƙarshe. Sagir, in kana son ka gane, bi sawun kuɗi. A lokacin, sarkin Ingila yana da kuɗin shiga na kansa daga gonakin sarauta da kuɗin fito na tashoshin jiragen ruwa, amma haraji a kan dukiyar mutane sai majalisa ta amince. Al'ada ce a ba sabon sarki kuɗin fito na tsawon ransa. Da Charles ya hau a 1625, wakilai suka ce na shekara ɗaya za su ba shi. Ya ci gaba da karɓa ba da izininsu ba. Sannan ya ƙaƙaba wa masu hali rancen dole, wanda ya ƙi a ɗaure shi ba tare da an faɗi laifinsa ba. A 1628 suka sa ya amince da takardar koke wadda ta hana haraji ba da yardar majalisa ba da kuma ɗauri ba dalili. A Maris 1629 har sai da aka danne kakakin majalisa, John Finch, a kan kujerarsa don kada ya tashi zaman kafin a karanta ƙudurori. Charles ya sallame su, ya yi shekara 11 bai sake kiran majalisa ba.

A cikin shekarun nan ya riƙa tono tsofaffin dokoki. Akwai wadda ta ce duk mai ƙasar da ke kawo fam 40 a shekara dole ya zo bikin naɗin sarki a ba shi sarautar barde. Waɗanda ba su zo a 1626 ba aka bi su da tara. Aka sake shata iyakokin dazuzzukan sarki yadda suke ɗaruruwan shekaru baya, aka ci tarar waɗanda gonakinsu suka faɗa ciki. Har sabulu aka ba kamfani ɗaya ikon yi. Amma babbar hanyar ita ce kuɗin jirgi.

Sagir Fagge:
Allah ya gafarta Malam, mene ne kuɗin jirgi, kuma yaya ake karɓarsa?

Malam Isiyaku:
Asali garuruwan bakin teku ne ke ba sarki jirgin yaƙi in an ga haɗari, ko su ba da kuɗinsa. Ba ya buƙatar majalisa tunda ba a lissafa shi a haraji. A 1634 Charles ya nema daga bakin teku kamar yadda aka saba. A 1635 ya faɗaɗa shi zuwa duk gundumomin ƙasar, har waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, kuma ya mai da shi na kowace shekara.

Fada ce ke yanke wa kowace gunduma jimillar da za ta kawo. Buckinghamshire, misali, an yanka mata fam 4,500. Sai a aika wa wakilin sarki na gundumar. Shi zai raba jimillar a kan yankuna, yankuna su raba a kan ƙauyuka, 'yan doka na ƙauye su raba a kan magidanta. Wanda ya ƙi biya a kama shanunsa ko kayan ɗakinsa a yi gwanjo. In kuɗi bai cika ba, wakilin ake bi, ko da wa'adinsa ya ƙare. Wannan ya sa a shekarun farko kusan duka ake tarawa, wajen fam 200,000 a shekara. Matsalar tsarin kuwa, gaba ɗaya ya dogara ne a kan masu gari da 'yan doka da ba a biyansu albashi, kuma maƙwabtansu ake sa su tatsa. Ranar da suka ja baya, babu ma'aikatan da za su maye gurbinsu.

John Hampden ya ƙi biyan sule 20, fam guda kenan, da aka yanka wa gonarsa a Stoke Mandeville. Attajiri ne, ba kuɗin ne ya dame shi ba. Alƙalai 12 suka saurari ƙarar, a 1638 bakwai suka ba sarki gaskiya, biyar suka ƙi. Sarki ya ci shari'a, amma kowa ya ji cewa alƙalansa biyar ba su tare da shi. Zuwa 1640 kuɗin ya kusa daina shigowa.

Baba Dogara:
Malam Isiyaku, da sauran magana. In don kuɗi ne kawai, Charles zai iya mutuwa a kan gadonsa bai sake ganin majalisa ba, muddin bai shiga yaƙi ba. Wa ya jefa shi yaƙi? Sha'anin ikilisiya. A 1633 ya naɗa William Laud Akbishop na Canterbury. A majami'u da yawa, teburin Jibin Ubangiji a tsakiya ake ajiye shi, jama'a su kewaye. Laud ya sa a mai da shi bangon gabas kamar bagadi, a kewaye shi da shingen katako, masu karɓa su zo su durƙusa. Ya matsa a kan farar rigar limamai da rusunawa in an ambaci sunan Yesu, aka kuma sake shelar halatta wasanni ranar Lahadi bayan sujada. Ga 'yan Furitan, masu son a share duk wani ɓurɓushin Katolika daga ikilisiya, wannan komawa Roma ce ta bayan gida. Ga shi matar sarki, Henrietta Maria 'yar sarkin Faransa, 'yar Katolika ce mai ɗakin sujadarta a fada.

A 1637 kotun Star Chamber, wadda ba ta zama da masu taya alƙali yanke hukunci, ta hukunta mutum uku saboda rubuce-rubucensu a kan bishop-bishop: William Prynne lauya, Henry Burton limami, John Bastwick likita. Aka sa su a turu, aka yanke musu kunnuwa, tarar fam 5,000 kowanne da ɗaurin rai da rai. Prynne an taɓa yanke nasa a 1634, sai aka ƙarasa guntun da ya rage, aka yi masa lalas a kumatu. Irin wannan horo ba a saba yi wa masu ilimi da matsayi ba, jama'ar da suka taru kuma tausayinsu suka ji.

A watan Yuli na shekarar aka karanta sabon littafin addu'a a majami'ar St Giles ta Edinburgh, littafin da aka ƙaƙaba wa mutanen Sikotilan ba tare da an tambayi majalisarsu ko babban taron ikilisiyarsu ba. Sujada ta rikiɗe ta zama tarzoma. A Fabrairu 1638 suka rattaba hannu a kan alkawarin ƙasa, suka kori bishop-bishop, suka tara runduna. A Agusta 1640 suka ci sojan sarki a Newburn suka mamaye Newcastle, inda gawayin Landan ke fitowa. Sulhun Ripon ya ce sarki zai riƙa biyansu fam 850 kowace rana har a daidaita. Wannan kuɗin ne ya sa ya kira majalisar Nuwamba 1640, kuma ya kasa korar ta kamar yadda ya kori ta watan Afrilu cikin mako uku.

Malam Isiyaku:
Ranka ya daɗe, ai da fam 850 ka ƙare. Mun dawo kan kuɗi kenan.

Baba Dogara:
Kuɗin da littafin addu'a ya jawo, Malam.

Barista Hauwa:
Ku bar ni in koma kan tambayar yaron nan, don a majalisar 1640 ɗin aka fara abin da nake nufi. Mutum na farko shi ne Thomas Wentworth, wanda aka fi sani da Strafford, wakilin sarki a Ayilan kuma mashawarcin da 'yan majalisa suka fi tsoro. Hanya biyu ce majalisa ke da ita ta kama babban mutum. Ta farko shari'a ce sosai: wakilai su kawo tuhuma, dattawa su zama alƙalai, a kawo shaidu, wanda ake tuhuma ya kare kansa. Da ita John Pym, jigon majalisar wakilai, ya fara a Maris 1641, da tuhume-tuhume 28. Sai abin ya cije. Babu ɗaya a cikin 28 ɗin da ya kai cin amana shi kaɗai, sai suka ce in an tara su sun kai. Strafford ya ce ƙananan laifuffuka ko nawa ne ba sa taruwa su zama babba. Mafi nauyin tuhumar ita ce wai ya ba sarki shawara ya kawo rundunar Ayilan ya murƙushe "wannan masarauta". Mutum ɗaya ne ya shaida ya ji, Henry Vane babba, alhali cin amana shaidu biyu ake nema, kuma ana iya cewa Sikotilan ake nufi tunda da ita ake yaƙi.

Da suka ga dattawa na shirin wanke shi, sai suka koma hanya ta biyu: a rubuta doka da sunan mutum, ta ce wane ya ci amana, hukuncinsa kisa. Wannan ba ta buƙatar hujja, ƙuri'a kawai take buƙata. Wakilai suka zartar 204 da 59. Saura sa hannun sarki, wanda ya riga ya rubuta wa Strafford cewa ba abin da zai taɓa ransa ko mutuncinsa ko dukiyarsa. Taron jama'a ya kewaye fadar Whitehall, Charles ya ji wa matarsa da 'ya'yansa tsoro, ya amince ranar 10 ga Mayu. Ranar 12 aka sare Strafford. A ranar 10 ɗin ce kuma ya amince da dokar da ta hana a rushe majalisar sai da yardarta.

Na biyu Laud. Shari'arsa ta 1644, wadda Prynne mai yankakkun kunnuwa ya tattara wa takardu, ita ma ta kasa kaiwa ga cin amana. Aka sake komawa doka da suna, amma yanzu yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin majalisa da sarki, babu sa hannunsa. Majalisu biyu suka wadatar da kansu, aka sare shi ranar 10 ga Janairu 1645 yana da shekara 71. To ka duba jerin: Strafford, wakilai da dattawa da sarki. Laud, wakilai da dattawa. Charles, wakilai kaɗai, su ma ba duka ba.

Sagir Fagge:
Anti Barista, me ake nufi da "ba duka ba"?

Kyaftin Lawal:
Wannan ɓangaren sojoji ne, bari in karɓa. Majalisa ba ta so a kashe sarki. Ranar 5 ga Disamba 1648 wakilai suka kaɗa ƙuri'a 129 da 83 cewa amsoshin da sarki ya bayar a tattaunawar da wakilan majalisa suka yi da shi a garin Newport sun isa a ci gaba da sulhu. Washegari Kanar Thomas Pride ya tsaya a ƙofar majalisa da sojoji da takardar sunaye a hannu, Lord Grey na Groby yana nuna masa fuskoki. Aka tsare 45, aka hana sama da ɗari shiga, wasu da yawa suka ƙaurace don kansu. Ragowar ne suka kafa kotun.

Dalilin da ya sa soja suka kai nan yana da tsawo. Sabuwar rundunar da majalisa ta kafa a 1645 ƙarƙashin Thomas Fairfax an tsara ta mutum 22,000: sojan ƙasa 14,400, mahaya 6,600, da 'yan bindiga 1,000 masu tafiya a kan doki su sauka su yi faɗa. Sojan ƙasa kwabo 8 a rana, mahayi sule 2 amma shi zai ciyar da dokinsa. Ita ta karya sarki a Naseby ranar 14 ga Yuni 1645, aka kama akwatin wasiƙunsa aka buga, kowa ya ga yana neman sojoji daga Katolikan Ayilan da ƙasashen waje. A 1647 majalisa ta so ta sallami rundunar da kuɗin 'yan makonni, alhali sojan ƙasa suna bin bashin mako 18, mahaya mako 43, kuma ba tabbacin ba za a gurfanar da su kan abin da suka yi a lokacin yaƙi ba. Nan soja suka zama jam'iyya mai zaman kanta. A watan Yuni wani ƙaramin hafsa, George Joyce, ya je Holdenby ya ɗauke sarki daga hannun majalisa.

Ko a lokacin, Oliver Cromwell, mataimakin Fairfax, da surukinsa Henry Ireton sulhu suke nema, kuma sharuɗɗansu sun fi na majalisa sauƙi. Charles ya riƙa jan su da magana, ya gudu tsibirin Wight a Nuwamba, a Disamba ya ƙulla yarjejeniyar sirri da wani ɓangare na Sikotilan: su kawo runduna, shi kuma ya kafa tsarin ikilisiyarsu a Ingila na shekara uku. Yaƙi ya sake ɓarkewa a 1648, Cromwell ya tarwatsa rundunar Sikotilan a Preston a watan Agusta. Yaƙin farko soja sun ɗauke shi hukuncin Allah da ya riga ya faɗi. Wanda ya tayar da na biyu kuwa, a wurinsu jinin yana wuyansa.

Baba Dogara:
Shi ya sa suka riƙa kiransa mai zub da jini, suna kafa hujja da Littafin Ƙidaya 35:33, cewa jini yana ƙazantar da ƙasa kuma ba a tsarkake ta sai da jinin wanda ya zubar. Malam Isiyaku, wannan kuma a wane shafi na lissafin kuɗi za ka sa shi?

Malam Isiyaku:
A shafin bashin mako 43, Baba. Sojan da aka biya ba ya tsayawa ƙofar majalisa.

Barista Hauwa:
Ita kanta shari'ar ta nuna raunin tushenta. Manyan alƙalan ƙasar uku da aka fara sa sunansu sun ƙi zama, cikinsu har da Oliver St John, lauyan da ya tsaya wa Hampden a shari'ar kuɗin jirgi. Sai aka ɗauko John Bradshaw, alƙali daga Cheshire, ya shugabanta. Hular da ya sa mai ƙarfe a ciki don tsoron harsashi tana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford. Cikin 135, waɗanda ke zuwa ba su cika wuce 70 ba, amma tun farko an ce mutum 20 sun isa zama. Fairfax, babban kwamanda, ya halarci zaman share fage sau ɗaya bai sake komawa ba.

An buɗe ranar 20 ga Janairu a zauren Westminster. Charles ya shigo bai cire hularsa ba. Lauyan gwamnati John Cook ya fara karanta tuhuma, sarki ya taɓa kafaɗarsa da sanda yana so ya dakata, sai kan sandar na azurfa ya cire ya gangara ƙasa. Ya jira, ba wanda ya motsa, ya sunkuya ya ɗauka da kansa. Tuhumar ta juya dokar 1351 ne: ta ce an ba shi amanar iko mai iyaka, ya yi amfani da shi ya yaƙi jama'ar da suka ba shi. Shi kuwa bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Tambaya ɗaya ya riƙe a zama uku, ranakun 20 da 22 da 23: da wane iko na halas aka kawo shi nan? Ya ce in iko marar doka zai iya yin doka, to babu talakan Ingila da ransa ko dukiyarsa ke da tabbas.

Wannan ya ɓata wa Cook shiri, don ya tanadi dogon jawabi da shaidu da za a ji a bainar jama'a. A ƙa'idar lokacin, wanda ake tuhuma da cin amana in ya ƙi amsawa ana ɗaukarsa ya amsa laifi, don haka ba a bukatar shaida. Duk da haka suka saurari shaidu wajen talatin a wani ɗaki, sarki ba ya wurin. Ranar 27 aka karanta hukunci. Ya nemi ya yi magana, Bradshaw ya ce wanda aka yanke wa hukunci ba shi da bakin magana. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa, Bradshaw na farko, Grey na biyu, Cromwell na uku.

Sagir Fagge:
Na ga hoton takardar, amma 1648 aka rubuta a jiki. Kuskure ne?

Malam Isiyaku:
Ba kuskure ba ne. A Ingila ta lokacin sabuwar shekara a takardun hukuma ranar 25 ga Maris take farawa, don haka Janairun nan a wurinsu yana cikin 1648. Sai a 1752 aka sauya. In ka ƙura ido za ka ga wuraren da aka kankare aka sake rubutu, har da kwanan wata da sunayen wasu hafsoshin da aka umarta.

Kyaftin Lawal:
Ranar kisan ma sai da aka samu tangarɗa. An kafa dandamali a gaban Banqueting House, zauren liyafa na fadar Whitehall, an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, an kafa ƙusoshi masu zobe a katako don a ja shi da igiya in ya yi gardama. Gungumen gajere ne ƙwarai, sai mutum ya kwanta rub da ciki. Da safe aka kawo shi, amma sai wajen ƙarfe biyu na rana aka yi, saboda an tuna cewa da zarar ya mutu ɗansa ya zama sarki kai tsaye, majalisa ta zauna da gaggawa ta haramta shelar magaji. Ya sa riga biyu don kada sanyi ya sa shi rawar jiki a ce tsoro ne. Sojoji sun tura jama'a nesa, Bishop William Juxon da na kusa kaɗai suka ji jawabinsa, inda ya ce hukuncin zalunci da ya bari aka zartar a kan wani shi ne ake rama masa yau. Strafford yake nufi. Hauni da mataimakinsa sun rufe fuska. Ya miƙa hannuwa alama, sara ɗaya.

Dokar hana shelar ba ta kai Edinburgh ba. Charles sarkin Sikotilan ne shi ma, kuma ba a tambaye su ba. Ranar 5 ga Fabrairu suka yi shelar ɗansa Charles na Biyu, abin da ya jawo yaƙin Dunbar a 1650 da Worcester a 1651.

Barista Hauwa:
Da sarauta ta dawo a Mayu 1660, lauyoyi suka tace dokokin shekara ashirin da ma'auni ɗaya: akwai amincewar sarki ko babu. Na 1641 da suka soke kuɗin jirgi da kotun Star Chamber suna da ita, suka tsaya, Charles na Biyu bai sake samun su ba. Duk abin da aka zartar ba da ita ba ya faɗi, har shekarun mulkinsa daga 1649 aka fara ƙirga su. A Oktoba 1660 aka kashe mutum goma, cikinsu Thomas Harrison, ɗaya daga masu sa hannu a takardar kisa, da Cook, wanda ya ce shi lauya ne da aka ba aiki, kotu ba ta karɓa ba. Richard Ingoldsby kuwa, wanda shi ma sunansa na cikin takardar, ya ce Cromwell ne ya kama hannunsa ya rubuta sunan da ƙarfi, aka yafe masa, ko da yake abin da ya fi taimakonsa shi ne kama Janar John Lambert da ya yi ana gab da dawowar sarki. Ranar 30 ga Janairu 1661 aka rataye gawar Cromwell da Ireton da Bradshaw a Tyburn, wurin rataye masu laifi na Landan, bayan an tono su daga kabari.

Sagir Fagge:
To ita hanyar rubuta doka da sunan mutum, an soke ta daga nan?

Barista Hauwa:
Ina! An soke ta Strafford a 1662, amma hanyar ba a soke ta ba a lokacin. A 1696 aka yi dokar da ta tabbatar da shaidu biyu a shari'ar cin amana, ta kuma ba wanda ake tuhuma damar ɗaukar lauya. A shekarar aka kama Sir John Fenwick da hannu a maƙarƙashiyar da aka ƙulla wa Sarki William na Uku. Shaidu biyu ne a kansa, 'yan'uwansa suka sa ɗaya ya tsere Faransa, saura ɗaya, kotu ba za ta iya kama shi ba. Majalisa ta rubuta doka da sunansa, ta wuce da ƙyar a majalisun biyu, William ya sa hannu, aka sare shi a Janairu 1697. Shi ne na ƙarshe da aka kashe ta wannan hanya a Ingila.